Ruwan Tiga Ba Gumin Mutum Ɗaya Ba Ne

Ya ku 'ya'yana, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisunku, daga Kura zuwa Garun Malam har Bunkure, kuma na ga ta fara taɓa zumunci. Waɗanda Allah ya buɗa wa a cikinku suna cewa duk wanda ya zauna da talauci a ƙasar da ruwa ke gudu rani da damina, to lalacinsa ne ya ja masa. Su da guminsu suka samu, don haka ba su ga dalilin da za a miƙo hannu cikin aljihunsu da sunan haraji ba. Sauran kuma suna cewa an gama rabo tun kafin a haife su, masu kuɗi sun kwashe gonaki, hukuma ta kwashe abin da ya rage, don haka duƙawa wahalar banza ce. Ni na girmi kanal ɗin nan da kuke gardama a bakinsa. Ku ba ni aron kunnuwanku in gaya muku abin da idona ya gani.

Kafin ruwa ya zo, da an kai dawa rumbu aiki ya ƙare ke nan sai wata damina. Ƙasa ta bushe ta tsattsage, magidanta su ɗaura ƙunshi su tafi cin rani birni ko Kaduna ko Kurmi, wasu dako, wasu ga-ruwa, wasu yankan farce. Mai ɗan lambu a bakin rafi shi ne mai noman rani, da jigo yake jan ruwa guga-guga tun asuba, ya shayar da fangali ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da zai wuni yana shayarwa bai kai wanda yaro ke gamawa yau kafin hantsi ba. A cikin wannan halin ake biyan haraji. Da kaka ta yi mai unguwa zai fara zagaye, daga shi sai dagaci, sai hakimi, kuɗi su wuce Baitulmali. Abin da ya sa harajin nan ɗaci shi ne kusan kai ake ƙirgawa, ba samu ba. Mai rumbu goma da mai rumbu ɗaya, abin da ke tsakanin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Sannan lokacin biya yakan faɗo daidai lokacin da hatsi ba shi da daraja, sai talaka ya sayar da damin da zai ci da bazara a kan araha, in damina ta yi tsakiya ya dawo ya sayi hatsin nan da tsada, ko ya ci bashi a kan amfanin da bai nuna ba. Na ga dattijo mai furfura an zaunar da shi a rana saboda 'yan sulalla, 'ya'yansa suna kallo. Na ga samari sun bar gari da dare, wasunsu ba su sake dawowa ba.

Haraji ya girmi zuwan Turawa. A ƙasar Kano ta dā akwai kuɗin ƙasa, akwai kuɗin rafi a kan masu lambu, akwai kuɗin karofi da marinan Kura suka sani sarai, tun zamanin da baƙin yadinsu ke ratsa Sahara zuwa wurin Buzaye. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da su. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, kukan haraji na cikin abin da ya tara wa Malam Aminu Kano jama'a a ƙauyuka irin namu. Sai a 1979, da Muhammadu Abubakar Rimi ya hau gwamnan Kano a ƙarƙashin jam'iyyar PRP, ya soke haraji da jangali, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Wanda bai ga ranar ba, ba zai gane irin murnar da aka yi ba. Saboda haka idan na ji ɗayanku yana tsine wa haraji, na san inda ya gado ƙiyayyar, kuma ban ga laifinsa duka ba.

Akwai ma wani harajin da iyayenmu suka biya ba tare da an kira shi da sunansa ba. Hukumar sayen gyaɗa ita ke yanka farashi, ta sayi gyaɗar manomi ƙasa da abin da ake sayenta a kasuwar duniya, rarar ta shiga asusun gwamnati. Dalar gyaɗar da ake ɗaukar hotonta a Kano, gumin mutanen ƙauye ne aka jera buhu-buhu. Da irin waɗannan kuɗi aka yi hanyoyi da makarantu da ofisoshi da yawa a Arewa, kuma kaɗan ne daga ciki ya dawo inda aka noma gyaɗar.

To, sai ga wani abu ya dawo. Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya sa aka datse Kogin Kano a Tiga, aka fara a 1971 aka gama a 1974, daidai lokacin da farin 1973 ya gama gigita Arewa. Tun kafin nan an fara gwaji a Kadawa da ruwan Bagauda, injiniyoyi daga Holan suka zana yadda ruwa zai bi. Aka haƙa babban kanal ya biyo ta Ruwan Kanya, ya rabu biyu, reshen gabas da na yamma, daga nan ƙananan magudanai suka shiga gonaki, ruwa yana gangarowa da kansa ba inji ba mai. An tsara hekta 22,000 a kashin farko, ko da yake ba duka aka kammala ba. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya.

Yanzu ina tambayar ɗana mai cewa da guminsa kaɗai ya samu: nawa ka zuba a ginin Tiga? Da dukiyar jama'a aka gina ta, dukiyar da mutumin Gumel da na Kazaure da na Birnin Kudu suke da haƙƙi a ciki daidai da naka, tunda duk jiha ɗaya muke a lokacin. Akwai kuma waɗanda suka biya da abin da ya fi kuɗi. Dubban mutane aka tasa daga garuruwansu, ruwan dam ya shanye gonakinsu da kushewan iyayensu, aka mai da su kan tudu. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja zuwa Nguru, ambaliyar da masunta da manoman shinkafa da makiyaya suka dogara da ita kowace shekara ta ragu, daga baya kacalla ta toshe musu hanyoyin ruwa. A dam ɗin Bakolori ma, a ƙasar Talatar Mafara, manoman da suka tsaya neman diyyar gonakinsu a watan Afrilun 1980 da harsashi aka amsa musu, aka rasa rayuka. Ban kawo wannan don in rage maka daraja ba. Na san ka kwana a gona, na san sanyin hunturu ya tsaga maka ƙafa a cikin ruwa. Amma akwai mai ƙwazo irinka a wani ƙauyen tudu inda kanal bai je ba, yana tashi lokacin da kake tashi, kuma har yau keke yake hawa.

Wannan magana ta hau kan ɗayan ɗan nawa ma, mai cewa an cuce shi. In ka tsaya kusa da masuncin Nguru da ruwansa ya janye, kai ne mai gata.

Bari in gaya muku yadda tazara ta buɗe a tsakaninmu, don a gabanmu aka yi. Da aka baje ƙasa aka yanka ta, an mayar wa kowa gwargwadon abin da yake da shi dā. Mai babbar gona ya sami babba, mai ƙarama ya sami ƙarama, wanda ba shi da ko taki ɗaya ya tashi a tutar babu. Sannan noman da aka kawo mana noma ne mai cin kuɗi tun kafin ya ba da ko ƙwaya: kuɗin tarakta, kuɗin iri, takin zamani, maganin feshi, 'yan ƙwadago, kuɗin ruwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Magidancin da hatsinsa ba ya kai shi bazara, ina zai samo wannan? Sai ya ba da hayar gonarsa ta rani ga wanda ke da hali, ɗan kasuwa ko ma'aikaci daga birni, shi kuma ya dawo yana ƙwadago a cikin gonar da ya gada. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, alkama ta yi kuɗi, manyan motoci suka riƙa fakawa a bakin gonakinmu. An samu, ba a ce ba a samu ba. Amma wanda ya shiga da jari shi ya fita da riba mai kauri.

Haya da sauƙi, tunda shekara na zagayowa gona ta dawo. Jingina ita ce ramin da na ga ya cinye gidaje. Ga yadda take faruwa. Matar mutum ta kwanta, likita ya ce sai an yi aiki, a kawo kuɗi kafin gobe. Ba shi da saniya, ba shi da ajiya. Bayan sallar isha'i sai ya saɓa babbar riga ya nufi zauren wani mai hali, ya tsuguna ya gaishe shi, a daɗe ana zagaye-zagaye kafin ya iya furta abin da ya kawo shi. A kira shaidu biyu, a ƙirga kuɗi a kan tabarma, eka ɗaya ta koma hannun mai kuɗi har ranar da za a biya. To da me zai biya, alhali abin da zai noma ya biya ɗin shi ne ya bayar? Shekara biyu, uku, sai ya dawo neman ƙari. Ran da ƙarin ya kai kuɗin gona, sai a ce a cika masa kawai a rubuta takarda. Wannan mutumin ba malalaci ba ne, 'ya'yana. Da akwai asibitin gwamnati mai magani a kusa da shi, da har yau gonar tana hannun 'ya'yansa. Duk mai son ya gane amfanin haraji na gaskiya, ya dubi wannan tabarmar.

Sai kuma maganar inda gonarka ta faɗo. Mai gona a kan gaba, kusa da ƙofar ruwa, zai jera bututunsa na roba a bakin magudana, ya cika kowanne da ruwa ya toshe da tafin hannu ya kifa, ruwa ya yi ta kwarara har ya gaji ya tafi gida. Mai gona a wutsiyar kanal kuwa sai ya jira na gaba sun ƙoshi. In laka da ciyawa sun cike hanya, abin da zai iso masa bai fi ya jiƙa bakin fangali ba. Shi ne za ka gani da tocila da ƙarfe biyun dare yana bin magudana yana cire toshiyar da wani ya yi da buhun ƙasa, ko ya hayo injin ban ruwa ya ja daga magudanar da ke kwashe ragowar ruwa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kowane ban ruwa da inji sai ya ci abin da dā zai sayi rabin buhun taki. Mutum biyu, iri ɗaya, ƙwazo ɗaya, amma ɗaya ruwansa kusan kyauta, ɗaya kuwa da fetur yake saye.

Wani abin kuma da ya buɗe tazarar shi ne iya jira. Ku je Kwanar Gafan lokacin da tumatir ya yi yawa, wajen Fabrairu zuwa Maris. Kwanduna jere har ido ya gaji, rana tana dukansu, ruwa yana tsiyaya ta ƙasa. Manomi yana tsaye, dillali yana zaune, domin dillali ya san kayan nan ba za su kwana biyu ba. Farashin safe daban, na la'asar daban, wani lokaci kuɗin kwandon da abin da ke cikinsa ba su biya ɗiba da mota ba. Shi ya sa za ku ga gefen titin Zariya ya yi ja, mata da yara sun duƙa da wuƙaƙe suna tsaga tumatir suna shanyawa a ƙasa don a yi kauɗa. Mai hali shi zai saye kauɗar nan da araha ya zuba a sito, ya fito da ita da damina lokacin da ɗanye ya yi wuya. Haka shinkafa: ƙaramin manomi yana sayar da shanshera a bakin gona don mai taki da 'yan ƙwadago suna tsaye a kansa, mai sito yana jira wata biyar ya ninka. Da aka buɗe kamfanin tumatir na Dangote a nan Kadawa a 2016, mai iya niƙa tan 1,200 a rana, mun ce kukanmu ya ƙare. A shekarar ce kuma tsutsar nan da muke kira Sharon ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki, kamfanin ya rasa abin niƙawa, tun daga nan yana buɗewa yana rufewa. Annobar ba ta zaɓi gonar kowa ba. Sai dai mai jari ya sake shuka da shekara ta zagayo, marar jari kuwa wannan ce shekarar da ya kai gonarsa jingina.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ina so masu samu su haɗiye ta ko da ɗaci. Amma kai ɗana mai zaman majalisa, kada ka ɗauka na ba ka lasisin naɗe hannu. Na san yaron da ya zo garin nan ba shi da ko fartanya, ya fara da dashen shinkafa a jinga, ya koma kashe-mu-raba da wani dattijo da ƙarfinsa ya ƙare, yana cin rabi yana ɓoye rabi, bai yi aure ba sai da ya iya kama hayar rabin eka da kansa. Yau yana ciyar da gida babba. Ku dubi matan Kura da ke turara shinkafa a cikin gidajensu, da tukunya da itace da adashi, da yawansu sun aurar da 'ya'ya sun sayi fili ba tare da sun taɓa mallakar gona ba. Ƙofar ƙunci ce, ba kowa zai wuce ba, kuma wanda ya wuce yakan fito da tabo. Amma a buɗe take, kuma nan ta fi buɗewa a kan wurare da yawa a ƙasar Hausa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gonar da aka jinginar ba don ciwo ba. Don kayan ɗaki na gasa, don biki na kwana bakwai, don babur na yayi, don kujerar Makka da ba ta wajaba a kan mutum ba tukuna. Sannan ga abin da ya faru da bashin noma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015. An ba da iri da taki da injin ban ruwa a kan a biya da shinkafa bayan girbi. Wasu kayan sun zo a makare, wasu ambaliya ta cinye su, wasu sunayen ma ba na manoma ba ne, duk na yarda. Amma kun sani na sani, akwai waɗanda suka karɓi takin suka kai kasuwa a ranar, suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa. Bashi ne, kuma rashin biyansa ya rufe ƙofa ga na baya. Mutumin da ya yi haka ba shi da bakin zagin ɗan siyasar da ya ci kuɗin hanya.

Mu dawo kan haraji na yau. Da yawanku kuna tsammanin tun da Rimi ya soke na kai, talaka ya daina biya. Yana biya, sai dai ba a zaunar da shi a rana. Yana biya a katin waya da kwanon rufi da siminti, tunda harajin kayan masarufi ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a 2020. Yana biya a ƙofar kasuwa, a kan kowane kwando da kowane buhu. Motar tumatir da ta tashi daga nan zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, direba zai tsaya a shinge bayan shinge, wani da rasit, wani da sanda mai ƙusa kawai, kuma duk abin da aka karɓa a hanya daga farashin manomi ake zabge shi tun kafin motar ta tashi. Wannan shi ne tsohon harajin kai ya sake riga, domin bai san mai eka ɗaya da mai eka hamsin ba. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta yafe wa duk wanda samunsa na shekara bai wuce Naira 800,000 ba, kuma wannan daidai ne, haka ya kamata a yi, a ɗora wa mai ƙarfi a sauke wa marar ƙarfi. Sai dai nauyin manomi ba a nan yake ba, yana kan titi da ƙofar kasuwa. Malamin firamare ana cire nasa tun kafin albashi ya iso hannunsa, alhali akwai mai sito cike da buhu dubbai da sunansa bai taɓa shiga littafin kowa ba. In ana maganar rashin adalci, daga nan ya kamata a fara.

Ni ra'ayina a fili yake. Mai samu ya biya, kuma ya biya fiye da marar samu, domin ya fi kowa cin moriyar kanal da titi da kasuwa da zaman lafiya. Idan unguwa ta cika da samari marasa gona marasa sana'a, katangarsa ba za ta yi tsawon da za ta tsare shi ba. Ita kuma hukuma, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya biya yana da bakin tambaya: ina maganin asibiti, ina malaman makarantar da yaranmu ke zaune a ƙasa, ina maganin tsargiyar da ke sa yaran da ke wanka a kanal fitsarin jini, ina hanyar da za ta fito da kaya daga gona da damina? Kada ku ba kowa ko sisi ba rasit. Ku adana rasit ɗin, ku tara su ta hannun ƙungiya, ran da ɗan takara ya zo neman ƙuri'a ku shimfiɗa masa su a gabansa. Ƙin biya ba ya hukunta ɓarawon gwamnati, shi ya riga ya sami nasa daga kuɗin mai. Wanda ke shan wuya shi ne mai jiran asibiti.

Wasu kuma sukan ce su zakka suka sani, ba haraji ba. Madalla, to a fitar da ita. Shinkafa da alkama da masara in sun kai nisabi, wato ausuƙi biyar, sa'i ɗari uku ke nan, ana fitarwa ranar girbi: kashi ɗaya cikin goma ga abin da ya sha ruwa ba wahala, rabin haka ga wanda aka shayar da inji ko jigo. Wanda ya haɗa biyun ya je ya tambayi malaminsa, kada ya yanke wa kansa hukuncin da ya fi masa daɗi. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a fitar da zakka a kan tumatir da albasa su kansu, sai kuɗinsu in sun kai nisabi sun shekara, ko da yake Imamu Abu Hanifa yana ganin a fitar daga duk abin da ƙasa ta tsirar. Na faɗi wannan ne don na ga masu noman tumatir na miliyoyi suna fakewa a nan, kuɗin ba sa shekara sun zama mota ko fili, shi ke nan miskini bai ga komai ba. Wanda ya yi haka ya san da wa yake wayo. Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, amma ko ba ta zo ƙofarka ba, ka san gidajen zawarawa da marayun unguwarku, ka san wanda gonarsa ke hannunka a jingine. Da za a fitar da zakkar shinkafar da ake nomawa tsakanin Ƙarfi da Ɗan Hassan da Bunkure yadda Allah ya ce, a ba mutum abin da zai ja jari maimakon kwano biyu na ranar sallah, da an fanshi gonaki da yawa. Amma zakka tana da masu ita da aka ƙayyade, ba da ita za a yashe kanal ko a biya malamin makaranta ba. Kowanne da gurbinsa.

Kuɗin ruwa kuwa, shi ne harajin da ya fi kusa da mu, kuma a nan ne za a gane ko da gaske muke. Shekara da shekaru muna noƙewa, muna cewa ruwan Allah ne, ko na gwamnati ne. Ruwa na Allah ne, amma siminti da ƙofofin ƙarfe suna tsufa. Muna kallo bangon kanal ya zube, kacalla ta cike magudanai, na wutsiya suka daina ganin ruwa, wasu sassan suka koma noman damina kaɗai. Gyaran da aka zo aka yi a ƙarƙashin shirin TRIMING, da rancen kusan dala miliyan 495 ne da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, don nan da Bakolori da kwarin Haɗeja da wasu wuraren. Rance ne, jikokinku za su biya, har da jikokin waɗanda ba su taɓa ganin Kadawa ba. Ba na jin za a sake ciyo mana wani in muka bari wannan ya lalace.

An ce yanzu ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su ne za su riƙa tara kuɗi suna kula da ƙananan magudanai. To ku shiga, ku daina barin taron ga dattawa da masu manyan gonaki. A biya gwargwadon faɗin gona, mai eka ashirin ya biya na ashirin, kuma a fara karɓa daga kansa kafin a je kan mai rabin eka. Wanda ya kama haya daga birni, a rubuta tun ranar ciniki ko shi zai biya ko mai gona, don kada a zo girbi kowa ya nuna ɗan'uwansa. Ranar yashe magudana mai hali ya fito ko ya turo 'yan aiki a madadinsa, kada a bar wa na wutsiya don su ne ruwa ya fi yanke wa. A cikin shugabanni a tabbata akwai mutumin ƙarshen kanal, shi a ba shi ajiyar littafin rabon ruwa. Ma'aji kuma duk ƙarshen girbi ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa, a manna kwafinsa a ƙofar masallacin Juma'a kafin a sako ruwan rani mai zuwa.